Akwatin Wuta da Takardun Malam

Gabas da Gezawa,
Laraba, sha biyu ga watan Safar.

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a gidan gwaggonki a Ungogo. Ki gaishe mini da ita da maigidanta. Allah ya kai ki Kaduna lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya sa ki shiga sabon aikinki a sa'a.

Shekara goma sha shida ke nan da na bar aikin gwamnati na dawo gona, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba wanda ya taɓa tambayata komai a kan abin da na karanta. Ana tambayata irin gero, ana tambayata ko taki ya iso. In ka ji an ce mini Injiniya, to da dariya a bayansa. Baffanki Sani ne ya fara, ranar da ya same ni ina huɗa a gonar bayan gari. Ya tsayar da babur ya ce, "Injiniya, wace waya ce ta tsinke a nan?" Mutane suka yi dariya, sunan ya zauna. Ke ma da kika tashi haɗa kwamfutar da za ki riƙa zanen gine-gine da ita, wayar hannunki kika tambaya. Ban ga laifinki ba. Tun da kika yi wayo fartanya kike gani a kafaɗata.

Shekaranjiya da muka yi waya kin gaya mini abu biyu. Kin ce kin zaɓi ɗan ƙaramin kes, wato gidan kwamfutar, wanda zai shiga jakar tafiya, saboda ɗakin da aka ba ki a can ba shi da fili, kuma kin sayi komai saura akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa saflai. Kika ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, Baba, duk wanda ya shiga kes ɗin zan ɗauka." Sannan kika roƙe ni in aiko miki da faifan da na adana hotunan takardun kakanki Malam a ciki, ki kwafe su a sabuwar na'urarki. Na ce miki to. Na amsa ne don ban iya faɗa miki gaskiya ba a lokacin. Ba zan aiko da faifan ba, kuma dalilin yana cikin wannan ƙaramin abin da kika raina. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki shiga kasuwa.

Ki fara sanin cewa ba rashin sani ne ya kai ni ga abin da zan gaya miki ba. Lantarki na karanta, kuma ni na zo na ɗaya a ajinmu. Da aka fara kawo kwamfutoci ofishinmu ni aka ɗora a kansu. Wata shekara ɗan kwangila ya kawo sababbi cike da mota, aka ce in duba. Na kwance guda uku, na ɗaga akwatunan wutarsu, na ji su sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Na rubuta rahoto shafi uku na ce ba za su yi bazara biyu ba. Shugabanmu ya kira ni ya ce, "Malam Isiyaku, cewa aka yi ka duba ko suna kunnuwa. Wa ya ce ka ɗora su a sikeli?" Kafin wata ya ƙare an mayar da ni sito, ina lura da kujeru da tsintsiya. Na'urorin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya neme ni ko da da kalmar ka yi gaskiya. Na jure shekaru, daga baya na ajiye aikin. Wannan shi ne mutumin da ya je kasuwa da ƙafarsa ya sayi irin akwatin da ya rubuta rahoto a kansa.

Kina aji huɗu a firamare lokacin da Malam ya rasu. Da muka buɗe adakarsa muka tarar gara ta shiga, ruwan da ke yoyo daga rufin soro ya jiƙa rabin abin da ke ciki. Takardu ne da ya rubuta da hannunsa tun yana saurayi. In ka ɗaga shafi sai gefensa ya zube a yatsunka kamar garin rogo. Na ce wa 'yan'uwana su bar mini, zan ɗauki hoton kowane shafi in adana a kwamfuta. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Ga ranar da karatun da ake yi wa dariya zai yi wa gidanmu amfani.

Ni ma ƙaramar na'ura na so, irin taki, don in riƙa ɗaure ta a bayan babur tsakanin gidanmu da zauren baffanki Yaya Habu, inda adakar take. Kuskurena na farko shi ne na tafi birni ban auna kes ɗin ba. Na ce ni da na kwance ɗaruruwansu, ido ya ishe ni. Na sayo akwatin wuta mai kyau, mai nauyi, irin na manyan kwamfutoci, na dawo gida ya ƙi shiga. Ko murfi bai rufu ba. Da na mayar da shi na nemi ƙarami mai ingancinsa, da ba wannan takarda nake rubutawa ba. Amma kunya ta hana ni komawa shagon in ce na yi kuskure. Na bar shi a ƙarƙashin gado, har yau yana nan, na ɗauki kes ɗin na tafi wani shago daban da fushi a raina.

Saboda haka ki ɗauki rula ki auna gurbin akwatin wutar, tsawo da faɗi da zurfi, ki rubuta a takarda. In da hali ki tafi da kes ɗin kansa, ai ba nauyi gare shi ba. Ƙananan akwatunan za ki ga an rubuta musu SFX, akwai kuma wani da aka ƙara wa harafin L a ƙarshe, wanda ya ɗan fi tsawo. Wannan ɗan tsawon ya isa ya tokare katin da ke sarrafa zane a cikin na'urarki. Ki bar wajen yatsa biyu a inda wayoyi ke fitowa, don waya ba ta lanƙwasuwa a inda babu fili. Kuma in kin sayo bai yi ba, ki koma ki ce bai yi ba. Mai shago zai ɗaure fuska na minti biyar ne kawai.

A shago na biyu mai kayan ya miƙo mini wani ɗan ƙarami, mai sheƙi. Ya ce, "Alhaji, wat ɗari biyar ne, ga shi a rubuce."

Na ɗaga shi. Hannuna ya gaya mini gaskiya nan take. Na ce, "Bai yi nauyi ba."

Ya ce, "Ai zamani ne, Alhaji, yanzu komai sauƙaƙa shi ake yi. Kai da ka ce ƙarami kake so? Ko in ɗaura maka dutse a jiki?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. La'asar ta gabato, ina tunanin motar Gezawa, ga shi yana da araha, ga shi ya shiga gurbin kamar don shi aka yi. Na ce a raina aikin wata huɗu ne kawai, zai kai. Na karɓa.

Ummi, babban adadin da aka buga a jikin kwali don ido aka buga shi. Ki juya akwatin ki nemi ɗan jadawalin da ke gefensa. Layin bolt goma sha biyu shi ne mai ɗaukar nauyin aiki, shi ke ciyar da ƙwaƙwalwar na'ura da katin zane. In adadin da ke wannan layi ya yi nisa da wanda aka buga a kwali, ki ajiye. Kafin ki fita ki haɗa wat ɗin da ƙwaƙwalwar ke ci da wanda katin ke ci, ki ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. Aikin zane yana sa na'ura ta ja wuta da ƙarfi a lokaci guda, kuma akwatin da kullum yake aiki a iyakar ƙarfinsa ba ya tsufa, mutuwa yake yi. Ba kuma na ce ki sayi wanda ya ninka buƙatarki sau uku ba. Wannan ɓarna ce.

Ki duba kuma wutar da yake karɓa. Wanda aka rubuta yana aiki daga bolt ɗari zuwa ɗari biyu da arba'in shi ne na ƙasarmu, inda wuta ke zuwa yau kamar kyandir gobe kamar tsawa. Ki karanta takardar da ke cikin kwalin ki ga ko an lissafa kariya, wato ya kashe kansa in wuta ta yi yawa, ko ya yi zafi, ko wayoyi sun haɗu. Akwatin kirki in zai mutu shi kaɗai yake mutuwa. Na banza sai ya tafi da duk abin da ke jone da shi. Ki sayi sabo a kwalinsa, da garanti a rubuce. Komai na na'urar za ki iya saye na hannu ban da wannan.

Za su ga mace ce, za su ce, "Hajiya, kar ki wahalar da kanki, wannan shi kowa ke saye." Ki fito da takardarki ki karanta musu awonki da lissafinki. Mai shagon da ya ji haushin tambaya, ki bar masa kayansa.

Akwai masu wayoyin da ake cirewa a mayar. Su suka fi dacewa da ƙaramin kes, don sai wayar da kike buƙata za ki jona, iska ta samu hanya. Amma kada ki taɓa jona masa wayar wani akwatin daban, ko da bakin ya shiga daidai. Bakin ɗaya ne, tsarin cikin daban. Wannan kuskuren ban yi shi ba, shi kaɗai ne ma ban yi ba.

Sai zafi. Kin san innarki, ba ta barin komai a buɗe. Rediyo da murfinsa, fanka da rigarta. Na'urata ma ta saƙa mata mayafi na zare, fari da kore, har da tuntu a kusurwa. Na ce mata abin yana buƙatar iska. Ta ce, "Maigida, ka bar shi tsirara a tsakar ɗaki baƙi na shigowa?" Na yi dariya na ƙyale ta, don ta yi kwana uku tana saƙar. In zan yi aiki sai in ɗage gaban kawai, gefen da fankar akwatin wuta ke shaƙar iska yana rufe. Laifina ne, ita ba ta sani ba, ni na sani. A babban kes zafi yana da inda zai tsaya. A ƙarami babu. Ki juya fankar akwatin ta fuskanci ramukan kes ɗin, kada ki jingina wannan gefen da bango, kada ki cusa na'urar a cikin kabad, kada ki ɗora mata komai. In kin fito da ita daga jaka, ki fito da ita gaba ɗaya.

Na yi wata huɗu ina ɗaukar hotunan nan, daga bayan girbi har zafi ya shigo. Shafi ɗaya ɗaya, wasu sai na haɗa gutsattsarinsu a kan farin ƙyalle kafin in ɗauka. Na sa faifai biyu a cikin na'urar, duk abin da na zuba a wannan sai in kwafe a wancan. Ina alfahari da wannan dabara.

Da na gama, Yaya Habu ya tara mu a zaure. Kin san yadda ake yi a gidajen malamai: takardar da ke ɗauke da ayoyi in ta lalace ba a barinta tana zubewa a ƙasa, kaji na tonawa, mutane na takawa. Naɗe ta ake yi a binne a wuri mai tsarki. Yaya ya daɗe yana son yin haka, ni na roƙe shi ya jira. Ranar ya dube ni ya ce, "Isiyaku, ka tabbata komai ya shiga?"

Na ce, "Komai, Yaya."

Ya ce, "Ni ban san abin nan naku ba. In ka ce a bar su a adaka, sai a bar su."

Baffanki Sani yana gefe, ya ce, "Yaya, Injiniya ne fa. Kai ma ka tambaya?"

Da Sani bai yi magana ba, wataƙila da na ce a bar su shekara guda mu gani. Ban ɗora masa laifi ba, bakina ne ya furta. Na ce, "Har kwafi biyu na yi. Ko gobara aka yi ba za su ɓata ba." Aka naɗe takardun a farin yadi, muka binne su a bayan masallaci bayan sallar azahar, Yaya ya yi addu'a.

Damina ta biyu bayan haka, an yi mako uku babu wuta a layinmu. Wata Talata da hantsi na dawo daga gona aka kawo ta. Na ga ƙwan ɗaki ya yi wani irin fari, na san wutar ta yi yawa, amma na ƙagu in nuna wa wani baƙo rubutun Malam. Na danna maɓallin kunna na'urar. Na ji ƙara kamar an fasa ƙwallon goruba, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin mayafin innarki, wari ya cika ɗaki. Akwatin ya mutu, kuma kafin ya mutu ya tura wutar kai tsaye cikin duk abin da yake ciyarwa. Faifai biyun a jikinsa suke, a waya ɗaya. Kwafi biyun da nake taƙama da su ashe ɗaya ne.

Na kai su wajen masu gyara uku a birni. Na aika da su Legas ta hannun wani tsohon abokin aikina, suka yi wata biyu suka dawo da 'yar takarda mai layi ɗaya, cewa ba abin da za a iya cirowa. Wata ranar kasuwar Gezawa, da gari ya yi shiru, na ɗauki fartanya na je bayan masallaci na tona. Damina biyu ta wuce a kansu. Na samu baƙar ƙasa da ɗan guntun yadi. Na mayar na rufe.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce na'urar ce ta lalace, faifan yana nan lafiya, sai an samu wadda za ta karanta shi. Shekara goma sha uku ina faɗin haka. Duk azumi Yaya Habu sai ya tambaye ni, "Yaushe za mu ga rubutun Malam?" in ce ana nan ana ƙoƙari. Sai ga shi kin girma kin haɗa na'urar da za ta karanta shi, ƙaryata ta zo ƙarshe a hannun 'yata. Gara haka. Ranar Juma'a bayan an sauko zan gaya wa Yaya da bakina. Kada ki riga ni, ko ga innarki.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, duk abin da ke shan wuta daga akwati ɗaya wuri ɗaya yake, ko faifai goma ne. Zanen da za ki yi na gidajen mutane ne, wani ya yi shekaru yana tara abin ginawa. Ki kwafe aikinki a faifan da ake cirewa, ki cire shi, ki ajiye a wani ɗakin daban. Ki sa sitabilaiza tsakanin na'urarki da bango. In an ɗauke wuta ki zare filogi, in an kawo ki bar ta ta zauna tukuna, ki dubi ƙwan ɗaki. Janaretan da ba ki san halinsa ba, kada ki jona masa. Kuma duk ranar da wani ya tambaye ki ko kin tabbata, alhali a kan amsarki zai rabu da abin da ba a mayarwa, ki ce masa ya jira. Ko ana yi miki dariya a gefe.

Na san ina da ɗaci, innarki tana faɗa, ku ma kuna gani. Na daɗe ina cewa ofis ne ya cuce ni, gari ne bai san darajata ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma sau ɗaya gidanmu ya miƙa mini amana saboda karatuna, sau ɗaya tak, kuma kin ji yadda na yi da ita. Ɗacin nan nawa ne, kada ki saka shi a jakarki. Kin fi ni haƙuri, kin fi ni iya tambaya, kuma ban taɓa ganin kin ji kunyar cewa ba ki sani ba. Ranar da kika nuna mini zanen makarantar da kika yi a jarrabawarki ta ƙarshe, na ce miki ya yi, na fita. Bayan gida na zagaya don kada ki ga idona.

Na ba direban da zai kawo miki takardar nan rulata ta ƙarfe da ƙaramin sukundireba mai jan hannu. Tun ina ɗalibi nake da su. In kin zaɓi akwatin, ki kira ni kafin ki karɓa ki karanta mini jadawalin gefensa. Zan bar waya a aljihu ko ina gona.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya sa albarka a hannunki da idonki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Innarki tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ta fara saƙa wa na'urarki mayafi. Ki karɓa ki yi godiya, ki shimfiɗa shi a kan akwatin kayanki. Allah ya dawo mana da ke lafiya, amin.

Mahaifinki,
Isiyaku

Na naɗe takardar sai na ga ban faɗa miki abin da ke cikin faifan ba, kuma kina da haƙƙin sani. Akwai bayanin da Malam ya yi wa littattafan da ya karantar shekara hamsin, da wasiƙun malamansa, da Alƙur'anin da ya rubuta da ka yana ɗan shekara ashirin da biyar. A bayan wani littafi kuma yana rubuta duk haihuwar da aka yi a gidanmu, rana da wata da lokaci, da addu'a ta daban a ƙarƙashin kowane suna. Lokacin da aka haife ki ina kwas a kudu, labari bai iske ni ba sai bayan suna, kuma ranar da ke takardunki na makaranta hedimasta ne ya zaɓa. Shi ya sa duk sanda kika tambaye ni nake ce miki da damina ne. Malam ya rubuta ranar, ya yi miki addu'a layi huɗu, ta fi ta kowa tsawo saboda sunan matarsa aka sa miki. Sau ɗaya na karanta ta, lokacin da nake ɗaukar hoton shafin. Ban haddace ba.